Kafin a sauke tsohuwar mota ƙasa: shokzoba mai kyau ta fi rim 18 amfani

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya saba ganin irin wannan bidiyo: tsohuwar Honda ko Golf an wanke ta tana ƙyalli, an sa mata manyan rim, an sauke ta har cikinta ya kusa shafar kwalta, kiɗa yana tashi, dubban mutane suna danna alamar so. Bidiyon bai wuce daƙiƙa 20 ba. Ba ya nuna lokacin da motar ta iso tudun rage gudu na bakin makaranta, direba ya karkace yana hawa a gicciye, 'yan adaidaita na baya suna ta danna masa hon. Ba ya kuma nuna ranar da kaskon baƙin mai na ƙarƙashin inji ya daki dutse, mai ya tsiyaye, inji ya buga.

Matashin da ya tara kuɗi ya sayi motarsa ta farko, Corolla ce ta 2005 ko Honda EOD ko Peugeot 406, yana da haƙƙin ya so ta riƙe hanya a kwana, ta bi sitiyari ba tare da lilo kamar kwalekwale ba. Yana kuma so idan ya ɗauko mahaifiyarsa zuwa asibiti kada ta sauka da ciwon baya. Ana iya samun waɗannan abubuwa biyu a mota ɗaya. Sai dai hanyar da bidiyoyin nan ke nunawa, wato a fara da sauke mota da manyan rim, ita ce mafi tsada kuma mafi saurin lalata duka biyun. A hanyoyin da ake da su a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da ƙafar motar yadda kamfani ya ƙera ta, a sa taya mai kyau, a kashe babban kuɗin a kan shokzoba, a bar tsayin motar yadda yake ko kusa da haka.

Aikin sifirin daban, aikin shokzoba daban

Kuskuren farko yana farawa ne daga rashin bambance abubuwa biyu da ke ƙafar mota. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan, shi ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta hau tudu yakan lanƙwashe ya shanye bugun, sannan ya miƙe. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa da kansa. Da za a bar shi shi kaɗai, mota za ta yi ta sama da ƙasa har sai ƙarfin bugun ya ƙare. Shokzoba ce ke tsayar da wannan rawar. A cikinta akwai mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, kuma wannan turjiyar ce ke mayar da motsin ya zama zafi ya fice.

Injiniyoyi suna auna taurin ƙafar mota da yawan lilon da jikinta ke yi a daƙiƙa ɗaya. Motocin iyali yawanci suna tsakanin lilo 1 zuwa 1.5 a daƙiƙa, motocin tsere na filin da aka shimfiɗa domin su kuma suna haura 2. Jikin ɗan Adam ya fi sakewa da na farkon. Shi ya sa motar tsere ba ta da daɗin zama ko kaɗan, masu tuƙa ta ma haƙuri suke yi.

Abin da masu son tauri ba su cika lura da shi ba shi ne, mota ba ta riƙe hanya sai taya tana manne da ƙasa. A kan kwalta mai santsi kamar madubi, ƙafa mai tauri tana taimakawa. A kan kwalta mai faci da tsagu da gargada kuwa, ƙafa mai tauri tana sa taya ta riƙa tsalle. Tayar da ke sama ba ta juya mota, ba ta kuma taka birki. Direba zai ji motar ta yi ƙarfi a hannunsa, ya ɗauka riƙo ne, alhali a kwanar da ke da gargada motar tsallake hanya take yi tana matsawa gefe.

Manya da suka tuƙa Peugeot 504 sun san wannan tun kafin a haifi masu bidiyon. Motar nan, wadda kamfanin PAN ya shafe shekaru yana harhaɗawa a Kaduna, tana da ƙafa mai laushi mai dogon zango, tana kuma da tsayi daga ƙasa. Duk da haka ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975, a hannun direba ɗan ƙasar Suwidin Ove Andersson, a kan hanyoyin ƙasa da laka da duwatsu. An gyara motar gasar domin tsere, amma tushen ƙirar bai canza ba: ƙafar da ke da wurin motsi, da shokzobar da ke iya sarrafa motsin. Hanyar Kano zuwa ƙauye ta fi kama da hanyar Safari fiye da filin tseren Nürburgring na Jamus.

Motar da ta shekara ashirin ba sabuwa ba ce

Yawancin masu cewa ƙafar motarsu ta cika laushi ba su taɓa tuƙa motar da lafiyayyiyar ƙafa ba. Corolla ta 2005 ta yi shekaru a hanyoyin Amurka ko Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta kuma yi wasu shekarun a nan. Kamfanonin da ke ƙera shokzoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a canza ta bayan kimanin kilomita 80,000. Ko da mutum ya ce masu saye da sayarwa ne don haka sun rage lissafi, motar da ta yi kilomita 250,000 da shokzobarta ta asali ta wuce duk wani lissafi.

Shokzoba ba ta mutuwa rana ɗaya. A hankali take raguwa, direba yana sabawa, har ya manta yadda motar take a da. Alamominta su ne gaban mota ya duƙa sosai idan an taka birki, mota ta yi lilo biyu ko uku bayan ta sauka daga tudu, mai ya jiƙe jikin shokzobar, ko taya ta riƙa cinyewa tudu da kwari maimakon ta cinye bai ɗaya. Gwajin da aka saba yi na danna kusurwar mota a saki yana kama wadda ta mutu gaba ɗaya ne kawai. Wadda ta yi rabin mutuwa takan tsallake shi.

Bayan shokzoba akwai robobi. Kowane hannun ƙarfe da ke riƙe taya yana haɗe da jikin mota ta cikin bushin na roba. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu da baƙin mai da ke ɗiga suna busar da robar, ta tsattsage. Idan bushin ya mutu, taya takan matsa gaba ko baya ko gefe ba tare da an juya sitiyari ba, kuma wannan ne ke sa mota yawo a kan titi. Haka boljoyin da tayarod, da matashin saman shokzoba, da robar da ke tare ta idan ta kai ƙarshen zangonta, da rigar da ke kare sandarta daga ƙura. Babu ɗaya daga cikinsu da ke fitowa a hoto, amma su ne ke mayar da tsohuwar mota ta koma bin sitiyari. Wanda ya ɗora sifirin na tsere a kan matattun bushin ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke raba ƙwararren bakanike da mai koyo. Kusoshin da suka ratsa bushin na roba ba a ɗaure su ƙarshe sai nauyin mota yana kan ƙafarta. Idan aka ɗaure su mota tana rataye a kan jak, da zarar an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage. Mai mota yana da damar tsayawa ya ga an yi haka.

Wasu za su ba da shawarar a sa bushin na foliyuretan, wato masu launin ja ko shuɗi da ake tallatawa a intanet. Sun fi roba tauri, sitiyari yakan ƙara kaifi da su. Amma suna isar da kowane ƙaramin bugu cikin mota, suna buƙatar giris, kuma idan ƙura ta shiga sukan fara kuka. Ga motar zuwa aiki da kasuwa, roba mai inganci ta fi, sai dai a bushin ɗin sitabilaiza, inda taurin ba ya damun fasinja sosai.

Taya ita ce shokzoba ta farko

Kafin bugu ya isa sifirin, gefen taya ne ke fara karɓarsa. Lambobin da ke jikin taya suna faɗin komai ga wanda ya iya karanta su. Corolla da yawa na wancan zamani sun zo da 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin. Kashi 65 cikin 100 na 195 ya kama milimita 127. Idan aka koma rim 17 da taya 215/45, gefen ya ragu zuwa milimita 97. An cire santimita 3 na iska da roba tsakanin ƙarfen rim da bakin rami. A rim 18 abin da zai rage ya fi haka ƙanƙanta.

Sakamakon sananne ne a wurin masu faci: taya ta yi ƙulli a gefe, rim ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa. Ga kuma nauyi. Manyan rim masu araha sau da yawa sun fi na asali nauyi, kuma duk nauyin da aka ƙara wa ƙafa, shokzoba ce za ta sha wahalar sarrafa shi. Wanda yake son ƙarin kaifi ba tare da wahala ba, mataki ɗaya ya ishe shi. Rim 16 da taya 205/55 yana barin gefe mai milimita 113, kuma zagayen tayar ya kusa zama ɗaya da na asali, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba.

Shekarun taya ma suna rubuce a jikinta. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa tayar da ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Roba idan ta tsufa takan ƙandare, ta rage riƙo, musamman ranar ruwan farko na damina. Sabuwar taya matsakaiciya a kan rim 15 ta fi tsohuwar taya mai babban suna a kan rim 18.

Sai iska, gyaran da ba ya cin ko sisi. Adadin da kamfani ya tsara yana manne a ginshiƙin ƙofar direba, a Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa 30 ne a ma'aunin PSI. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Mai faci da ya saba da motocin haya masu lodi yana iya dura 45 ko fiye idan ba a tsayar da shi ba. Mota za ta yi ta dukan baya, tsakiyar taya ya cinye, mai ita ya ɗora laifin a kan shokzoba. Ƙaramin ma'aunin iska na dijital ya fi yawancin kayan kwalliyar da ake rataya wa mota amfani, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Idan akwai abu ɗaya da zai ba da daɗin zama da riƙon hanya a lokaci guda, shokzoba ce. Mai kyau tana yin tauri ga motsi mai jinkiri, irin kwanciyar da mota ke yi a kwana ko duƙawa a birki, ta kuma saki idan bugu ya zo da sauri, irin na bakin rami. Marar kyau ba ta san wannan bambancin ba, ko dai ta yi tauri ko'ina ko ta yi laushi ko'ina.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai bututu biyu, wadda yawancin motoci ke zuwa da ita, tana da laushi da sauƙin kuɗi. Akwai mai bututu ɗaya da iskar naitirojin mai matsi, wadda ta fi saurin fitar da zafi, don haka ba ta saurin gajiya a doguwar hanya mai gargada, amma ta fi tsada kuma ta ɗan fi tauri. A wajen KYB, Excel-G ita ce madadin ta asali, Gas-a-Just kuma mai bututu ɗaya ce. A wajen Bilstein na Jamus, B4 madadin ta asali ce, B6 ta fi ƙarfi kuma an yi ta domin motar da ba a sauke ba, B8 kuma gajera ce domin motar da aka sauke. Koni na ƙasar Holan yana da Sport mai launin rawaya wadda ake iya murɗawa a ƙara ko a rage taurinta, yana kuma da Special Active, mai wani bawul da ke bambance ƙananan bugu masu sauri da babban lilo. Ba kowace mota aka yi wa duk waɗannan ba. Golf da Accord sun fi Corolla samun zaɓi.

Ga mafi yawan masu tsohuwar mota, sabuwar shokzoba madadin ta asali daga kamfani mai suna za ta ba su mamaki, domin abin da suke kwatanta ta da shi matacce ne. Wanda yake son abin da ya fi haka, irin B6 ko Special Active a kan sifirin na asali shi ne mafi kusa da abin da ake nema. A kowane hali biyu-biyu ake canzawa, gaba tare ko baya tare, sannan a yi alaimen.

A nan ne gardama take da ƙarfi. Makanikai da yawa a Ƙofar Ruwa ko Panteka za su ce gara Beljiyam, wato wadda aka ciro daga wata motar, da sabuwar da ba a san asalinta ba. Maganarsu tana da tushe, domin jabun kayan gyara sun cika kasuwa, har da masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni a kwali. Amma shokzoba ba ƙofa ko fitila ba ce da ake gane lafiyarta da ido. Wadda aka ciro daga motar da ta shekara 18 ita ma shekararta 18, kuma wankewa da fesa baƙin fenti ba sa mayar da ƙarfinta. Beljiyam mafita ce ga wanda aljihunsa bai kai ba, ko mai jiran ya tara kuɗi. Wanda ke maganar inganta mota kuwa, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi dillalin da zai ba shi rasit da garanti, ya kuma duba lambar kayan a shafin kamfanin da ya ƙera. Idan farashin ya yi ƙasa da na kowa da nisa, an san araha ba ta ado.

To, saukewar fa?

Sauke mota yana da amfani na gaskiya. Nauyi yana matsowa ƙasa, kwanciya a kwana tana raguwa. Sifirin na kamfanoni irin su Eibach da H&R masu matsakaicin sauki suna rage tsayi da kimanin santimita 2.5 zuwa 4. A Turai wannan ba komai ba ne. Amma ƙaramar motar iyali tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 15 ne tana sabuwa kuma babu kowa a ciki. Sifirin da ya tsufa ya riga ya zauna. A ɗora mutum biyar da buhun shinkafa a but, sannan a cire santimita 4, abin da ya rage bai kai tsayin tudun da mutanen unguwa ke ginawa da siminti a layinsu ba.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Santimitocin da aka cire daga zangon motsin ƙafa aka cire su. Shokzoba za ta riƙa kaiwa ƙarshenta da wuri, kowane rami ya zama duka kai tsaye a jikin mota. Idan aka haɗa gajeren sifirin da shokzoba ta asali, ita ma ba ta daɗewa, domin ba a yi ta don ta zauna a wannan matsayi ba. Dalilin ke nan da ake sayar da irin B8. Wato sauke mota yadda ya dace yana cin kuɗin sifirin da na shokzoba tare.

Hanyoyin arha biyu da ake bi sun fi komai haɗari. Yanke sifirin yana ƙara masa tauri ta yadda ba a lissafa ba, ɓangarorin biyu ba sa zuwa daidai, kuma yana iya fita daga mazauninsa idan taya ta rataye. Gasa shi da wutar walda don ya zauna yana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana ya karye ana cikin gudu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sai koyiloba, wato shokzoba da sifirin a haɗe masu zaren da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke mota. Masu inganci suna da kyau ƙwarai, kuɗinsu kuma yana iya kusantar wani babban kaso na kuɗin tsohuwar motar kanta. Masu arhar da ke yawo a shagunan intanet da alƙawarin matakan tauri 30 da 'yan kai galibi sifirin mai tsananin tauri ne a kan shokzoba mai rauni. Ƙura da ruwan damina kuma sukan cinye zaren har ya ƙi murɗuwa.

Akasin haka ma yana faruwa. Wasu sukan sa wa mota ɗauri a saman shokzoba don ta ƙara tsayi. Kaɗan ba ya ɓarna, kuma mai bin hanyar ƙauye yana da hujja. Idan ya yi yawa, mota za ta ƙara kwanciya a kwana, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba kuma ya riƙa aiki a karkace. Sau da yawa sabon sifirin na asali ya isa ya dawo da tsayin da tsufa ya cinye.

Sandar da ba a cika kulawa da ita ba

Wanda abin da ke damunsa shi ne kwanciyar mota a kwana, akwai maganin da ba ya taɓa tsayi. Sitabilaiza sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. Idan tayoyin biyu sun hau tudu tare, ba ta yin komai. Idan mota ta karkata gefe ɗaya, sai ta murɗe ta turje. Ƙarfinta yana ƙaruwa da sauri fiye da kaurinta: daga milimita 20 zuwa 22, ƙarin kashi 10 ne a kauri, amma kusan kashi 46 ne a tauri.

A motar da tayoyin gaba ke ja, ƙara ƙarfin sandar baya kaɗan yana rage halin nan na miƙewa gaba a kwana duk da an juya sitiyari. Amma idan aka zarce, bayan mota zai riƙa zamewa idan direba ya saki totur ko ya taka birki cikin kwana, kuma tsofaffin motocin nan da yawa ba su da na'urar lantarki mai daidaita zamewa. Sanda mai tsananin kauri kuma tana girgiza fasinja hagu da dama idan taya ɗaya ce ta faɗa rami. Mataki ɗaya ya isa, kuma kafin a sayi sabuwa a fara canza bushin da linkej na wadda ke jiki.

Ya kamata kuma a san iyakar kowace mota. Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da hannuwa biyu a kowace ƙafar gaba da hannuwa da yawa a baya, 406 ma bayanta mai hannuwa da yawa ne. Irin waɗannan idan aka sabunta robobinsu sukan riƙe hanya sosai, amma robobin suna da yawa. Corolla da Golf 3 kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya. Yana da juriya da sauƙin gyara, sai dai babu kuɗin da zai mayar da shi ƙafar BMW.

Masu saukewa ma suna da tasu hujjar

Wanda ke zaune a Maitama ko Wuse, yana bin manyan titunan Abuja, yana da wata motar ta tafiya gida da Sallah, zai iya sauke motarsa santimita 3 da kaya masu kyau ya ji daɗinta. Kwalliya ma ba laifi ba ce, mutum da kuɗinsa da motarsa. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar wa ɗalibi ko sabon ma'aikaci mai mota ɗaya tal wannan tsarin da sunan inganta tuƙi. Motarsa ita ce ta aiki, ita ce ta biki, ita ce ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare a hanyar da ruwa ya cinye. Duk ranar da ta kwana a gareji saboda fasasshen kasko ko lanƙwasasshen rim, kuɗin da ya kamata su tafi ga taya da birki ne suka tafi.

Wayar da ke aljihu za ta iya raba gardama

Ba sai an dogara da jin jiki ko maganar mai shago ba. Kowace wayar zamani tana da na'urar auna motsi, wadda ke juya allo idan an kwantar da waya. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta ga Android da iPhone, tana nuna abin da na'urar ke ji a zane. A ɗaure waya sosai a wuri ɗaya a cikin mota, fasinja ya kula da ita, a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya da iska ɗaya a taya, kafin gyara da bayan gyara. Ba awon ɗakin gwaji ba ne, amma zai nuna ko mota tana tsayawa bayan lilo ɗaya ko tana ci gaba da rawa.

Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, wadda ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ita ce hanyar gano ainihin kayan da suka dace. Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai ta shekara ɗaya ba lallai shokzobarsu ta zo ɗaya ba. Ana iya kuma auna tsayi daga tsakiyar rim zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu, a ɗauki hoto a ajiye. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, sifirin ya gaji.

Tsarin da ya fi kare aljihu shi ne a bi abin daki-daki. A fara da iska da tayoyi. A bi da bushin da boljoyin da tayarod. A sa shokzoba mafi kyau da aljihu zai iya ɗauka tare da matashinta da robobinta, a yi alaimen. Sannan a tuƙa motar wata guda cur kafin a sake sayen komai. Idan har lokacin tana kwanciya fiye da yadda ake so, a duba sitabilaiza. Sifirin na saukewa shi ne na ƙarshe a layi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka bi wannan tsari za su iske ba sa bukatarsa idan sun iso wurin.